Yadda Ake Gano Saurin Da Layin Faiba Ya Daidaita A Kai

Akwai wani abokina mai shagon kwamfuta, irin wanda ake zuwa cike fom ɗin makaranta da buga takardu. Ya sa faiba, wato intanet da ke zuwa ta zaren gilashi, mai gudun megabit 200 a daƙiƙa, amma duk sanda ya gwada sai ya ga 93 ko 94, ba ta taɓa wuce nan ba, ko da rana tsaka ko da tsakar dare. Ya kira kamfani ya fi sau biyar. Su ce layinsa lafiya lau yake, shi kuma ya ce to ina ragowar abin da na biya? Dukansu gaskiya suke faɗa, wurin da kowa yake kallo ne ya bambanta. Kamfani yana kallon layin da ya shigo gida, shi kuma yana kallon abin da ya iso fuskar kwamfutarsa, alhali tsakanin biyun akwai gaɓoɓi da dama da gudu zai iya zubewa.

Lambar da shafukan gwajin gudu irin su Speedtest ko Fast.com ke nuna maka ta ƙarshen tafiya ce. Akwai wata lamba da ta riga ta, wadda ke ajiye a cikin akwatin intanet ɗinka, ita ce saurin da layi ya daidaita a kai. A shafin na'ura za ka gan ta da sunan "sync speed" ko "line rate" ko "data rate". Abin kamar ciniki yake. Idan ka kunna akwatin, sai ya yi magana da na'urar kamfani da ke ɗaya bakin layin, wannan ta yi tayi, wancan ya duba ko layin zai iya ɗauka, har su kai ga sallama a kan wani adadi. Wannan adadin shi ne rufin ɗaki: duk abin da za ka sauke ko ka ɗora, ba zai wuce shi ba. Wanda ya san shi ya san ta inda zai fara neman matsala.

Mataki na 1: Fara sanin wane irin layi ne ya shigo gidanka

Kada ka tsallake wannan, domin kalmar faiba ana kiran abubuwa daban-daban da ita, kuma amsar tambayarka ta dogara da wanne gare ka. Je ka bayan akwatin ka dubi wayar da ta fito daga bango ta shige shi.

Idan siririyar waya ce mai kai kore ko shuɗi mai kusurwa huɗu, kuma a fuskar akwatin akwai fitilu biyu da aka rubuta wa PON da LOS, to zaren gilashi ne ya zo har ɗakinka. Wannan shi ne faiba na ainihi, kuma shi ne abin da kamfanoni irin su ipNX da FiberOne da MTN ke ja wa mutane a Legas da Abuja da wasu manyan biranen Najeriya. Akwatin kansa ana kiransa ONT ko ONU, galibi ƙirar Huawei ko ZTE ko Nokia.

Idan kuwa wayar irin ta tsohon tarho ce, mai ɗan ƙaramin kai na roba, ta shiga ramin da aka rubuta wa DSL ko Broadband, to gilashin bai iso ka ba. Ya tsaya a wata babbar akwatin ƙarfe a bakin titi, daga nan wayar jan ƙarfe ta ƙarasa aikin. Ana kiran tsarin FTTC, fasahar da ke bin jan ƙarfen kuma VDSL2. A Najeriya da wuya ka gamu da shi, tunda layukan tarho na zamanin NITEL sun mutu kafin a mora su ta wannan hanya. Amma a Ingila miliyoyin gidaje a kansa suke, ta layukan Openreach, kamfanin da ke kula da yawancin layukan tarho a can, kuma an yi shekara da shekaru ana tallarsa da sunan faiba. Haka yake a Jamus, haka a Masar, inda ɗalibanmu da yawa ke zaune a Alƙahira suna amfani da shi ba tare da sun san sunansa ba. A irin wannan layin ne maganar daidaiton sauri ta fi nauyi.

Akwai na uku: kamfani ya kawo faiba bakin rukunin gidaje ko wani dogon bene, ya raba wa mutane da kebul na kwamfuta ko da ɗan faranti a kan rufi. In haka naka yake, mataki na 4 da na 5 ba naka ba ne, ka wuce na 6.

Mataki na 2: Nemo adireshin akwatin

Kowane akwati yana da shafinsa na ciki da ake buɗewa da burauza, ba ya ma buƙatar data. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya akwatin ka karanta takardar da aka manna a ƙasansa ko bayansa. Yawanci adireshi da sunan shiga da kalmar sirri duk suna nan. Na Huawei sau da yawa 192.168.100.1 ne, na ZTE 192.168.1.1, na BT a Ingila 192.168.1.254, na Sky 192.168.0.1, FRITZ!Box kuma 192.168.178.1.

In takardar ta goge, tambayi na'urarka. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta `ipconfig`, ka nemi layin da ya ce Default Gateway. A Linux ka rubuta `ip route`, lambar da ta biyo bayan kalmomin "default via" ita ce. A wayar Android ko iPhone, shiga saitin Wi-Fi, taɓa sunan wanda kake kai, za ka ga Gateway ko Router da lambobi a gabansa.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Gidaje da yawa akwati biyu gare su: ONT na kamfani, da kuma rautar da mai gida ya sayo ya jona don Wi-Fi ya kai ko'ina. In haka ne, adireshin da wayarka za ta ba ka na rauta ne, ita kuwa ba ta san komai game da layin waje ba. Sai ka ɗauki kebul ka jona kwamfuta kai-tsaye da akwatin da wayar bango ta shiga.

Mataki na 3: Shiga, ka duba, kada ka taɓa

Rubuta adireshin a saman burauza, wurin da ake rubuta sunan shafi. Idan ta yi gargaɗin cewa shafin ba shi da tsaro, ka ci gaba, domin akwatin gidanka ne kake buɗewa. Sa suna da kalmar sirrin da ke jikin takardar. Ka lura, kalmar sirrin shiga shafin daban take da ta Wi-Fi.

Karatu kawai ka zo yi. Kada ka sauya komai, kuma don Allah kada ka soka tsinke a ɗan ramin nan da aka rubuta wa Reset. Yana goge saitin da kamfani ya sa, wani lokacin har da sunan asusunka, sai ka kwana biyu babu intanet kana jiran ma'aikaci. Haka nan ba na ba da shawarar a je intanet a kwaso kalmar sirrin injiniyoyi a shiga da ita. Abin da kake nema yawanci yana buɗe ga mai gida. In kamfaninka ya kulle shafin gaba ɗaya, kira su ka ce su karanto maka lambobin daga nasu ɓangaren, suna ganinsu.

Mataki na 4: Idan wayar jan ƙarfe ce ta ƙarasa gidanka

Nemi shafin da ke da suna irin Status, ko DSL, ko Broadband, ko Connection. A BT Smart Hub hanyar ita ce Advanced Settings, sai Technical Log, sai Information. A FRITZ!Box kuma Internet, sai DSL Information. Za ka tarar da jerin lambobi, kowanne kashi biyu: Downstream na saukewa, Upstream na ɗorawa. Guda huɗu ne ke da amfani gare ka.

Na farko shi ne wanda ka zo nema, Data rate ko Line rate ko Sync. Sau da yawa a kilobit ake rubuta shi, don haka ka raba da 1000. Wanda ke kan tsarin 80/20 na Openreach kuma layinsa ya cika zai ga 79999 da 19999, wato megabit 80 saukewa, 20 ɗorawa. Gwajin Speedtest ba zai taɓa kai wannan lambar ba, saboda wani kaso na layin yana tafiya wajen ɗaukar bayanan da ke rakiyar saƙonka. Layi mai 80 yakan ba da 72 zuwa 75 a gwaji, kuma wannan lafiya ce, ba cuta ba.

Na biyu Maximum rate ko Attainable rate, wato ƙiyasin abin da layin zai iya ɗauka da an sake masa mara. Kwatanta shi da na farko yana faɗa maka abu mai muhimmanci. Idan layinka ya daidaita a 40 amma ƙiyasin ya ce 75, to kunshin da ka saya ne ya taƙaita ka, ƙarin kuɗi zai ƙara maka gudu. Idan kuwa ya daidaita a 32 ƙiyasin kuma 33, layin ya kai maƙurarsa. Ko ka biya kuɗin 80, abin da za ka samu ke nan. Na ga mutane sun ƙara kuɗi a banza don ba su duba wannan ba, abin yana min ciwo, don minti biyu kacal zai ɗauke su.

Na uku Line attenuation, yadda sigina ta raunana a hanya, ana auna ta da dB. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Nisa ne ke jawo ta. Gidan da ke mita 200 ko 300 daga akwatin titi yakan sami cikakken gudu, wanda ya kai kilomita guda kuwa da wuya ya sami rabi. Wannan ba abin da za ka iya gyarawa ba ne, sai dai ka san shi.

Na huɗu Noise margin ko SNR margin, ratar da aka bari tsakanin sigina da hayaniyar layi. Abin da aka saba shi ne wajen 6 dB. A wasu layukan Ingila masu natsuwa ana saukar da shi har 3 don a ƙara gudu. In ka gan shi ya haura 9 ko 12 alhali saurinka ya faɗi ƙasa da yadda ka saba, alama ce na'urar kamfani ta ga layinka yana yawan katsewa, ta rage masa gudu don ya zauna. Ana kiran tsarin DLM, kuma ba mutum ne ke zaune yana latsawa ba, kansa yake aiki. Shi ya sa yawan kashe akwati da kunnawa a irin wannan layin ke ƙara dagula lamari: kowace kashewa tana iya shiga lissafinsa a matsayin katsewa. Ka bar akwatin a kunne kwanaki, shi da kansa yakan mayar da gudun sannu a hankali.

Gwaji ɗaya ya rage wa mazaunin Ingila. Babban soket ɗin tarho na gida yana da murfi. In ka cire shi akwai ramin gwaji a ciki wanda ya tsallake duk wayoyin cikin gida. Jona akwatin a nan ka sake karanta lambar. In ta tashi sosai, matsalar a wayoyin gidanka take. In ba ta motsa ba, daga waje ne, aikin kamfani ne.

Mataki na 5: Idan gilashi ne har ɗaki

Nan abin ya sha bamban, kuma da yawa suna shan wahalar neman lambar da babu ita. A faiba na ainihi babu cinikin da na kwatanta a sama. Yawancin layukan gidaje GPON ne, saurinsa kuma ƙayyadadde ne: gigabit 2.488 saukewa, 1.244 ɗorawa (gigabit ɗaya megabit 1000 ne), ko gidanka na kusa ko yana nesa, har zuwa wajen kilomita 20. Sabon tsarin XGS-PON kusan gigabit 10 ne kowane ɓangare. Sai dai wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Zare ɗaya ne ke fitowa daga na'urar kamfani, a raba haskensa ga gidaje 32 ko 64, kowa kuma a yanka masa gwargwadon abin da ya biya. Megabit 50 ko 200 ɗinka saiti ne a kwamfutar kamfani, ba ya cikin gilashin, shi ya sa galibi ba za ka gan shi a shafin akwatinka ba.

To me za ka duba? Abu biyu: ko akwatin ya sami karɓuwa, da kuma ƙarfin hasken da ke isowa.

Fara da fitilu. PON kore a tsaye, LOS a kashe, lafiya ke nan. PON na ƙyaftawa, akwatin na neman rajista bai samu ba. LOS ja, haske bai iso ba sam: an yanke zaren a wani wuri, ko kan ya zare. A garuruwanmu masu aikin titi da masu haƙa kwalbati su ne suka fi yanke shi, wani lokacin kuma babbar mota ce ta ja wanda aka rataya a falwaya. A cikin shafin, wasu akwatunan suna nuna matsayin rajista da harafin O da lamba. O5 shi ne cikakken aiki, duk abin da ke ƙasa da shi yana nufin ba a gama haɗuwa ba.

Sai haske. A Huawei nemi Optical Information ƙarƙashin Status ko System Information. A ZTE da Nokia nemi shafin da ke ɗauke da kalmar PON ko Optical. Layin da kake so shi ne Rx Optical Power, ƙarfin hasken da akwatin ke karɓa, ana auna shi da dBm, kuma da alamar ragi a gabansa. Wannan alamar tana juya lissafi: -18 ya fi -25 ƙarfi. Kowane 3 da aka ƙara yana nufin hasken ya ragu da rabi. Yawancin akwatunan GPON an yi su su yi aiki tsakanin -8 da -27. A aikace, daga -15 zuwa -24 hankalinka kwance. In ya kai -25 ko -26 kana bakin gaɓa, ƙura kaɗan ko lanƙwasa kaɗan za su tura ka. In ya wuce -27, kada ka yi mamakin katsewa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, raunin haske ba ya rage gudu daki-daki yadda nisa ke yi wa jan ƙarfe. Mai -17 da mai -23 gudu ɗaya suke samu. Sai an zo gab da iyaka ne saƙonni ke fara lalacewa a hanya, bidiyo ya riƙa tsayawa, kira ya riƙa yankewa, daga nan LOS ta kama ja. Don haka in haskenka -20 ne kuma gudu bai kai ba, bar zargin gilashin, matsa gaba.

In hasken ya yi rauni, bi zaren da ido daga bango zuwa akwati. Ko ƙofa ta danne shi, ko an naɗe shi ƙanƙane an ɗaure da roba, ko ƙafar kujera na kansa, ko ɓera ya taɓa shi. Gilashi ne mai kaurin gashin kai a ciki, ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Tabbatar kan ya shige har ya yi ƙas. Kore da shuɗi ba a haɗa su, yankan bakinsu ya bambanta, haɗa su na cinye haske. Lokacin hunturu kuma, kan da aka zare aka bari a buɗe na minti kaɗan ya isa ya kwashi ƙura. Kada ka hura masa iska da baki, kada ka goge shi da riga. Mafi girma duka: kada ka taɓa leƙa cikin zaren ko ramin da ido. Hasken ba a ganinsa, amma yana iya lahanta ido.

Wata dabara mai amfani: ranar da aka ja maka layi, kafin ma'aikacin ya tafi, ka ce ya nuna maka abin da mitarsa ta karanta, ka rubuta a takarda ka manna a jikin akwatin. Bayan wata shida in ka ga ya tashi daga -19 ya koma -25, ka san wani abu ya faru a hanya, kuma kana da shaida.

Mataki na 6: Kebul ɗin da ke tsakanin akwati da kwamfuta

A nan ma ana ciniki, kuma a nan matsalar abokina take. Duk na'urori biyu da aka haɗa da kebul suna daidaitawa a kan 10 ko 100 ko 1000, sababbi har 2500. A Windows shiga Settings, sai Network & Internet, sai Ethernet, ka dubi Link speed; ko a PowerShell ka rubuta `Get-NetAdapter`. A Linux `ethtool` da sunan katin, misali `ethtool eth0`. Shafin akwatin ma yakan nuna wannan ƙarƙashin LAN ko Eth Port.

Da muka duba nasa, 100 ya nuna. Kebul na kwamfuta wayoyi takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Gudun 100 huɗu kawai yake buƙata, 1000 kuwa sai dukan takwas ɗin. In ɗaya ta katse ko ba a matse ta da kyau a kai ba, na'urorin ba sa ƙorafi, sai su sauka 100 shiru. Layi mai 100 kuwa iyakar abin da yake bayarwa a gwaji wajen 94 ne, kamar yadda mai 1000 ke tsayawa wajen 940. Duk sanda ka ga gwaji ya kafe a 93 ko 94 ba ya gaba ba ya baya, fara da kebul. Nasa wani yaro ne ya matse masa a kasuwa, wayoyi huɗu kacal ya sa. Muka sauya da kebul irin Cat5e ɗan mita uku, take ya ga 190 da 'yan kai.

Wani lokacin ba kebul ba ne, ramin ne. Rautoci masu araha da tsofaffin kwamfutoci da 'yan adaftocin USB da yawa iyakarsu 100. In an rubuta 10/100 ko Fast Ethernet ko FE a kwalin, to shi ke nan. Wanda kake so shi ne Gigabit ko GE. In akwati biyu gare ka, duba kebul ɗin da ya haɗa su, domin duk gidan ta nan yake bi. Tsawon kebul kuma kada ya wuce mita 100.

Mataki na 7: Yanzu ka yi gwajin gudu

Sai yanzu lambar Speedtest za ta yi ma'ana. Yi shi da kebul, ka kashe Wi-Fi na ɗan lokaci ko ka roƙi mutanen gida su dakata, ka rufe VPN da duk abin da ke saukewa a ɓoye. Gwada sau uku: da asuba, da rana, da kuma tsakanin 8 da 10 na dare lokacin da kowa ya dawo gida. Idan da asuba ya cika amma da dare ya faɗi rabi, layinka ba shi da laifi, cunkoso ne a ɓangaren kamfani.

Ka kuma lura da sabar da gwajin ya zaɓa, wato kwamfutar da ke ɗaya ɓangaren da ake auna gudun da ita. Gwada ta kusa, sannan ta Legas, sannan ta Landan. Manyan igiyoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano a Legas suka sauka, don haka mai zaune a Kano ko Sakkwato saƙonsa na yin doguwar tafiya kafin ya ga teku. In ta kusa ta cika ta waje ta gaza, matsalar ta yi nisa da gidanka. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gefen Kwaddibuwa, mutane da yawa a Afirka ta Yamma fitilar PON ɗinsu kore ce shar, haske lafiya, amma shafuka ba sa buɗewa.

Kada kuma ka rikita ƙaramin b da babban B. Kamfani da megabit yake sayarwa, Mbps. Burauza kuwa sau da yawa megabait take nunawa idan kana sauke fayil, MB/s. Bait ɗaya bit takwas ne. Mai megabit 50 in ya ga fayil na sauka da 6 MB/s, haƙƙinsa ya cika.

Wi-Fi na da nasa daidaiton, wayar Android na nuna shi a saiti da sunan Link speed, Windows kuma da `netsh wlan show interfaces`. A zangon 2.4 GHz waya takan tsaya a 72, a 5 GHz ta kai 433 ko 866, abin da za ka samu a zahiri kuma wajen rabi ne ko sama kaɗan. Bangon bulo biyu ya isa ya karya 5 GHz. Akwatin da aka ɓoye a bayan talabijin ko cikin durowa, a fito da shi fili a ɗaga shi sama.

Mataki na 8: Kai ƙorafi da lambobi a hannu

Ɗauki hoton kowane shafi da kwanan wata. Idan ka kira, maimakon ka ce intanet ba ya sauri, ka ce: haskena -27.4 ne, ranar da aka ja layin -19 ne, na duba zaren cikin gida ba lanƙwasa. Ko ka ce: haske -20, kebul ya daidaita a 1000, na gwada da kebul sau tara cikin kwana uku, ban wuce 50 ba alhali 100 na biya, ku duba ko an sa min saitin kunshin da na saya. Wannan na ƙarshen yana faruwa, musamman bayan mutum ya sauya kunshi kuɗi ya shiga amma saitin bai bi ba, kuma daga ofis ake gyara shi ba sai an turo kowa ba. Nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta tare da ranar.

In an yi ta jan ka, a Najeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da layin 622 na kyauta don ƙorafin da kamfani ya kasa warwarewa, kuma za su tambaye ka lambar da kamfanin ya ba ka tun farko. A Ingila, kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idar 2019 ta Ofcom, hukumar sadarwa ta can, suna ba ka mafi ƙarancin gudun da suka lamunce tun ranar sayayya. In ya faɗi ƙasa da haka kuma suka kasa gyarawa cikin kwana 30, kana da damar fita daga kwantiragin ba tare da tara ba. Nemo wasiƙar ko imel ɗin da suka aiko maka ranar da ka yi rajista, lambar na ciki, ka ajiye ta kusa da hotunan da ka ɗauka.